Aji Bakwai ko Aji Takwas: Yadda Wani Iyali Daga Zariya Ya Shiga Makarantun Poland

A makon ƙarshe na Agustan 2022 na raka wani abokina ofishin shugabar wata makarantar firamare a birnin Łódź da ke tsakiyar ƙasar Poland. A takarda haka ake rubuta sunan garin, a baki kuwa "Wuj" ake cewa, kuma daga nan baƙo yake fara gane irin harshen da ya taras. Ni ne tafinta a ranar, domin na riga abokin nawa zuwa ƙasar da shekaru, kuma da Polanci na yi karatuna. Ba zan kama suna ba. Malam muke ce masa, matarsa kuma Maman Yara.

Malam malamin jami'a ne daga Zariya. Ya zo a Oktoban 2019, shekarar da sababbin makarantun digirin digirgir suka fara aiki a ƙarƙashin dokar ilimi mai zurfi ta 2018. A tsarin nan ba a biyan kuɗin karatu, ɗan ƙasa ko baƙo, har ma ana ba ɗalibi alawus duk wata. Bincikensa da Turanci yake yi, mai duba aikinsa da Turanci yake masa magana, a kanti kuma inji ne ke karɓar kuɗi. Shekara uku ke nan, amma Polancinsa bai wuce dzień dobry da dziękuję ba, wato gaisuwa da godiya. In na yi masa tsiya sai ya ce, "Kai dai bari, Turanci ya ishe ni." Gaskiyarsa, shi kam ya ishe shi. Abin da bai lissafa ba shi ne yaran da zai ɗauko ba ɗakin bincike za su shiga ba.

Yaran uku ne: babbar tana da shekara 18, ta gama sakandare da takardar WAEC a hannu, na tsakiya namiji ne mai shekara 13, ya gama ajin farko na ƙaramar sakandare, sai auta mai shekara 6. Tun a kan biza hanyarsu ta rabu. Izinin haɗa iyali ya shafi mata ko miji da 'ya'yan da ba su kai 18 ba ne kawai, don haka babbar a idon doka ba yarinya ba ce, sai da ta nemi bizar karatu da sunanta. Wannan ya ci wa Malam watanni da kuɗin da bai shirya ba.

Maganar da ta kai mu ofishin shugabar ta na tsakiya ce. A Poland firamare shekara 8 ce, tun gyaran 2017 da ya soke makarantun tsakiya. Yaro na shiga aji ɗaya yana da shekara 7, kuma doka ta tilasta karatu har zuwa 18, ba tare da duba fasfon da yaron yake ɗauke da shi ba. Makarantar gwamnati ta unguwar da kake zaune dole ta karɓi ɗanka, kyauta, littattafan ma aro ake bayarwa daga laburare. Shugaban makaranta ne ke yanke ajin da za a sa baƙon yaro, yana duba takardunsa da jimillar shekarun da ya yi yana karatu, yana kuma iya la'akari da shekarun haihuwarsa da ra'ayin iyaye. Yaron Malam ya yi shida a firamare, ɗaya a sakandare, bakwai ke nan. A lissafin takarda aji takwas ya dace da shi. A lissafin haihuwa kuwa, tsararsa suna aji bakwai.

Shugabar ta ce bakwai. Malam ya yi tsalle ya dire, ya ce takwas. Na fahimce shi sarai. Mu a gida iyaye alfahari suke yi da a tsallakar da yaro aji, maimaita aji kuwa abin kunya ne da ake ɓoye wa dangi. Ya juyo gare ni da Hausa, ransa a ɓace: "Yaron da bai taɓa wuce na uku a ajinsu ba, shi za a mayar baya? Me zan ce wa kakarsa?" Ban fassara wannan ba. Abin da na fassara masa shi ne bayanin matar, wadda ta ɗauko takarda ta zana masa lissafi da biro.

A watan Mayu duk ɗan aji takwas yana zana jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya, kwana uku: Polanci, lissafi, da harshen waje. Ba a faɗuwa a wannan jarrabawa, amma ita ke raba yara zuwa makarantun gaba. Makin shiga sakandare 200 ne. Rabi daga jarrabawar yake fitowa, 35 na Polanci, 35 na lissafi, 30 na harshen waje. Ɗaya rabin daga sakamakon da ke kan takardar gama firamare da wasu nasarori. In aka sa shi aji takwas, wata takwas da 'yan kwanaki ke gare shi ya koyi harshe daga baƙaƙe har ya rubuta insha'i a kan adabin ƙasar. Lissafin ma da Polanci ake tambayarsa, kuma yawanci tambayoyin labari ne, sai ka gane abin da ake nema kafin ka fara ƙidaya. Ta ɗora biron ta ce, shekara ɗaya yanzu ta fi arha a kan shekara huɗu ko biyar a makarantar da bai zaɓa ba.

Malam bai amsa a ranar ba. Maman Yara ce ta karya gardamar da daddare. Kamar yadda ya ba ni labari daga baya, cewa ta yi, "Malam, kai da ka yi shekara uku a nan, karanta min abin da aka rubuta a jikin robar madarar nan." Washegari ya sa hannu a kan aji bakwai.

A ganina wannan sa hannun shi ne abu mafi muhimmanci da iyalin suka yi a duk zamansu a ƙasar, ko da yake tsugune ba ta ƙare a nan ba. Shekarar 2022 ce, yaƙin Yukren ya ɓarke a Fabrairu, makarantun Poland sun cika da yaran da suka tsallako iyaka. Akwai abin da ake kira oddział przygotowawczy, ajin share fage na yaran da ba su jin harshen, kuma a shekarar aka ɗaga yawan ɗalibansa daga 15 zuwa 25, aka mayar da darasin Polanci aƙalla 6 a mako. A takarda wuri ne da aka yi domin irin yaronmu. A zahiri shi kaɗai ne ba ɗan Yukren ba a ajin. Harshen Yukren da Polanci 'yan gida ɗaya ne, yaran suna tsintar ma'ana ko ba a fassara musu ba, mai taimaka wa malama ma da harshensu take musu bayani. Ajin yana gudu da saurin masu rinjaye. Bayan wata biyu na tambaye shi abin da ya koya, ya ce, "Baffa, na iya zagi da yaren Yukren." Ba laifin kowa ba ne, amma a ƙarshen zangon farko muka roƙi a mayar da shi aji bakwai na kowa da kowa, tare da ƙarin darussan da doka ta ba shi: Polanci aƙalla sau biyu a mako, da darasin cike giɓi a fannonin da yake baya, jimilla ba ta wuce biyar ba, kowanne minti 45.

Bari in ɗan tsaya a kan harshen kansa, don masu cewa ai yaro ne, zai tsinta a wajen wasa. Na wasa kam zai tsinta. Na aji daban ne. Bahaushe yana da 'yar sa'a ta fuskar wasu sautuka: sz ɗinsu kusan sh ɗinmu ne, cz kusan c ɗinmu, j ɗinsu kuma y ne. Sai dai bakinmu ya saba da baƙi ya bi wasali, su kuwa suna jera baƙaƙe uku ko huɗu ba wasali a tsakani. Kalmar neman afuwa, przepraszam, yaron ya daɗe yana ce mata "fishefirasham", yana cusa wasulla don ya samu wurin numfashi. W ɗinsu kuma sauti ne da babu shi a Hausa, sai ya riƙa fita kamar b. Wannan duka mai sauƙi ne a kan nahawu. Suna a Polanci yana sauya wutsiya gwargwadon aikinsa a jimla, hali har bakwai. Makaranta szkoła ce; in za ka je ta, do szkoły; in kana cikinta, w szkole; in ita kake gani, szkołę. Kuɗinsu ma haka: jeden złoty, dwa złote, pięć złotych, ɗaya da biyu da biyar kowanne da tasa wutsiyar. Mu da muka saba da namiji da mace a Hausa ba mu sha mamakin jinsi ba, sai dai su akwai na uku, wanda ba namiji ba mace ba.

Yanzu a ɗora wa wannan kayan aji bakwai. A ajin ne ake fara kimiyyar sinadarai da fiziks, a ajin ne kuma ake ƙara harshen waje na biyu, wanda a makarantarsu Jamusanci ne. Wato yaro yana koyon Jamusanci ta bakin malamar da ke bayani da Polancin da bai iya ba. A darasin adabi kuma ana karanta waƙoƙin Jan Kochanowski na ƙarni na 16 da na Adam Mickiewicz na ƙarni na 19. Kamar ka ɗauko baƙon da jiya ya koyi "ina kwana" ka miƙa masa waƙar wa'azi ta zamanin jihadi ka ce ya yi sharhi. Maki a can daga 1 zuwa 6 ne, 6 ce ƙololuwa, 1 faɗuwa. Ranar da ya fara kawo 1 a tarihi, Maman Yara ta yi murna, ta zaci na ɗaya ya zo.

Hunturun farko shi ne mafi muni. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk suna cunkushe cikin 'yan sa'o'i, yaron ya fita da duhu ya dawo da duhu saboda ƙarin darussa. Ya daina magana a gida. Wata rana na same shi a kicin ya tasa littafin nazarin halittu a gaba, ya rubuta fassarar Turanci da fensir a saman kusan kowace kalma, shafi ɗaya ya ci masa awa guda. Ya ce min, "Baffa, a Zariya ni nake koya wa mutane. A nan sun ɗauka ni daƙiƙi ne." Abubuwa biyu suka fitar da shi, kuma babu wanda muka tsara. Na farko Turanci: a darasin nan shi ne gwani, yara suka fara matsowa kusa da shi kafin gwaji, shi kuma ya karɓi ladansa da Polanci. Na biyu ƙwallo a filin unguwa, inda babu mai gyara maka wutsiyar suna. Abin da muka tsara ɗaya ne, ɗalibar jami'a da Malam ya riƙa biya tana zuwa gida sau biyu a mako, kuma na roƙe ta ta ajiye littafin koyon harshe ta riƙa bi da shi ta cikin littattafan ajinsa.

A Mayun 2024 ya zana jarrabawar, bayan wata ashirin da wani abu a ƙasar maimakon tara. Baƙin yara da harshe ke ba wahala ana yi musu sassauci: ƙarin lokaci, ƙamus mai harshe biyu, da takardar tambayoyi da aka daidaita musu. Sai makaranta ta tsara wannan tun da wuri, don haka tun farkon shekara muka tayar da maganar. Turanci ya kusa cinye makin duka, lissafi ya yi kyau, Polanci ya sha da ƙyar. Malam ya so liceum, sakandaren shekara 4 da ke shirya yaro zuwa jami'a. Makin bai kai na waɗanda ya ƙyalla ido a kansu ba. Yaron ya shiga technikum, mai shekara 5, ɓangaren kwamfuta. Malam ya ɗan yi fushi, yana ganin makarantar koyon sana'a ce, sai da na nuna masa cewa ɗan technikum ma yana zana matura, jarrabawar da ke buɗe ƙofar jami'a, ga kuma takardar sana'a a hannu.

Ta auta ba ta da tsawo. An sa ta a zerówka, shekarar share fage da ta wajaba a kan 'yan shekara 6. Kuka ta yi na mako biyu, kafin bazara ta zagayo tana faɗa da ƙawayenta da Polanci. Abubuwan da suka ba uwarta aiki ƙanana ne: takalmin cikin makaranta da dole a sauya a ɗakin ajiye riguna, darasin addinin Katolika da ba dole ba ne, wanda ba a sa yaro sai iyaye sun nema, da abincin rana. Kalmar farko da Maman Yara ta haddace da kanta ita ce wieprzowina, naman alade, ta biyu żelatyna, sinadarin daskarar da abinci da sau da yawa daga alade ake samo shi. Damuwar da auta ta kawo daga baya ta fito. Yanzu in ta kira uwarta "Mamo!" take cewa, da wutsiyar kira ta hali na bakwai, kuma in kakarta ta bugo waya daga Zariya tana jin komai amma amsar sai ta tsaya nema. Abin dariya, a Jami'ar Warsaw akwai sashen harsunan Afirka da ya yi shekaru da dama yana koyar da Hausa, inda masana irin su Stanisław Piłaszewicz da Nina Pawlak suka yi suna. 'Ya'yan Poland suna can suna fama da karin sautin Hausa, tamu 'yar Zazzau tana nan tana sakin nata.

Babbar ita ce ta fi cin kuɗi. Likita take so ta zama. Jami'o'in likitanci a Poland suna da sashen Turanci na baƙi, amma kuɗin shekara ya haura Yuro dubu goma, abin da alawus ɗin Malam ba zai ko tunkara ba. Kafin a kai ga wannan ma akwai takardu. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar hatimi guda da ƙasashe da yawa ke amfani da ita, don haka takardar WAEC sai ta bi ta ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Poland, sannan mai fassara da gwamnatin Poland ta rantsar ya juya ta, sannan a lokacin hukumar ilimi ta lardi ta amince cewa daidai take da tasu. Malam ya bar mataki ɗaya a baya, sai da aka mayar da takardar gida ta hannun wani mai tafiya. Duk mai niyya ya gama da Abuja kafin ya hau jirgi.

Ta yi shekara guda a kwas ɗin share fage na harshe. Łódź ta yi suna a wannan, don tun shekarun 1950 jami'ar garin ke koyar da baƙin ɗalibai Polanci kafin su watsu zuwa sauran jami'o'i, kuma 'yan Afirka da yawa ta nan suka bi. Garin ne ma ya aika John Godson, haifaffen Najeriya, majalisar dokokin ƙasar a 2010, baƙar fata na farko da ya zauna a cikinta. Ta fito da matakin B2 a ma'aunin ƙwarewar harshe da ke tashi daga A1 zuwa C2, ta haƙura da likitanci, ta shiga karatun jinya da Polanci. A nan akwai abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba. Baƙo yana biyan kuɗi ko da Polanci yake karatu a jami'ar gwamnati, amma dokar 2018 ta ware wasu rukunai da ba sa biya, cikinsu har da mai takardar shaidar ƙwarewa a harshen ta gwamnati a matakin C1. Jarrabawar tana da sassa, ji da karatu da nahawu da rubutu da magana, kuma kowane sashe sai an ci shi shi kaɗai. Karon farko rubutu ya kayar da ita. Ta yi kwana biyu ba ta fita ɗaki ba, sannan ta koma tana rubuta shafi guda kullum tana kai wa wata tsohuwa maƙwabciyarsu, malamar makaranta mai ritaya, tana ja mata jan biro. Karo na biyu ta ci, ta kai takardar ofishin ɗalibai, aka ɗauke mata kuɗin zangunan da suka rage. Masu zuwa yanzu su sani an ƙara tsaurara ƙofa: tun 2025 jami'o'i sai sun tabbatar baƙo ya kai B2 a harshen da zai yi karatu da shi kafin su ɗauke shi.

Wadda babu wanda ya yi wa tanadi ita ce Maman Yara, kuma ni ma ina da laifi a nan. Makarantun can ta manhajar intanet suke magana da iyaye, irin su Librus: maki, rashin zuwa, saƙon malamai, taron iyaye, duk da Polanci. Malam yana wurin aiki, ita ke gida da wayar. Shekara guda tana dogara da fassarar waya da bakin auta, har ranar da ta gano yarinyar tana tace abin da take fassara mata, saƙon da ya ce ta yi surutu a aji ya koma "malama tana gaishe ki". A makon ta shiga ajin yamma na kyauta da wata ƙungiyar taimakon baƙi ke yi. Matar da ta yi shekaru tana koyarwa a Islamiyya ba ta tsoron hadda, kuma ta ce min jadawalin wutsiyoyin nan bai fi sarfun Larabci wuya ba. Yanzu ita ke zuwa taron iyaye, ita ke cewa Pani Dyrektor, wato Malama Shugaba, da bakinta.

Malam ya kare digirinsa, ya samu aiki a wani kamfani, har yanzu da Turanci. Sai da ya fara lissafin izinin zama na dogon lokaci ya ci karo da sharuɗɗan: shekara 5 a ƙasar, shekarun karatu rabi ake ƙirga su, da kuma shaidar Polanci a matakin B1. Digirin da aka yi da Turanci ba ya maye gurbin wannan shaida. Ranar Lahadin da ta wuce na je gidan na same shi a teburin kicin, inda yaron ya taɓa zama da fensir, littafin shirin jarrabawa a buɗe. Ɗan nasa yana tsaye a kansa da kofin shayi. Malam ya karanta, "Pięć złote." Yaron ya ce, "Złotych, Baba. Daga biyar ta sauya. Sake."